Rufin Jif ɗin Alhaji Tanimu

Ranar Laraba Khamisu ya shaida wa Mato direba cewa ranar Asabar masu sayen tsohon ƙarfe za su zo daga kasuwarsu ta hanyar Ikorodu su ja jif ɗin mahaifinsa, marigayi Alhaji Tanimu. Ya faɗi haka ne yana tsaye a ƙofar gida yana goge takalminsa da hankici. Ko ɗaga kai bai yi ba.

"Su ja ta su kai ta ina?" in ji Mato.

"Su yanka mana, Baba. Me ake yi da tsohon ƙarfe? Ta cinye mini ƙofar gida, manyan baƙi suna zuwa ba wurin fakin."

Shekara ashirin da biyu Mato ya yi yana tuƙa wannan mota. Ya zo Agege daga wani ƙauye a ƙasar Gumel yana saurayi, ya yi dako a kasuwar goro, ya koyi tuƙi, marigayi Alhaji Tanimu mai goro ya ɗauke shi direba a makon da ya sayi jif ɗin. A cikinta aka ɗauko Khamisu daga asibiti lokacin da aka yi masa kaciya, yana ta ihu a kan cinyar Mato. Yanzu Alhaji ya yi wata goma sha huɗu a kabari, soja sun yi shekara biyu da komawa bariki, kuma duk wani zauna-gari-banza da ke da babbar riga a unguwar ya gano cewa Allah ya halicce shi ne don ya shugabanci jama'a. Khamisu yana neman kansila. Tun ba a kaɗa ƙuri'a ko ɗaya ba ya hana a kira shi da sunansa, sai Honorabul.

Motar kuwa mai shan dizal ce, launin ƙasa, mai kusurwa huɗu kamar akwatin ƙarfe. Waɗanda suka ƙera ta ba su ɓata lokaci wajen neman kyau ba. Tana da tsawon ƙafa, akuya kan wuce ta ƙarƙashinta ba tare da ta sunkuya ba. Shasinta manyan ƙarafa biyu ne a kwance kamar layin dogo, an haɗa su da gajeru kamar tsani, bodin kuma an ɗora shi a kai an ɗaure da noti. Sufirin ɗinta fallayen ƙarfe ne a jere, irin na gingimari. Giyarta biyu, doguwa ta tafiyar yau da kullum, da wata gajera a gefenta wadda in an ja ta tayoyi huɗun duka suke haƙar ƙasa. A baya benci biyu ne suna kallon juna. Ba rediyo, ba na'urar sanyi, gilashi da hannu ake murɗa shi. A kan kwalta ba ta da gudu, danfo, bas ɗin haya, ma yakan wuce ta yana yi mata hon. Amma inda kwalta ta ƙare, nan aikinta yake farawa. Da ita Alhaji ya riƙa kutsawa ƙauyukan goro na bayan Ifo da Shagamu a ƙarshen damina, lokacin da sauran fatake ke zaune suna jiran hanya ta bushe. Har yanzu in ka buɗe ƙofar baya ƙanshin ganyen goro ne zai fara tarbarka.

"Khamisu," in ji Mato, "motar nan lafiyarta lau. Injin nan ba a taɓa buɗe shi ba."

"Honorabul," in ji wani ƙato daga kan benci. Baballe ke nan, shugaban samarin da ke bin Khamisu, mai jajayen idanu da baƙin leɓe. Aikinsa manna fosta a bangon mutane, har da na masallaci, da dukan wanda ya cire.

Khamisu ya yi dariya. "Bar shi, Baba ne. Abeg Baba, dubi wancan." Ya nuna tokumbonsa, wata baƙar mota mai sheƙi da cikinta ya kusa taɓa ƙasa. "Wannan ita ce mota. Taka in ta tashi, duk layin nan sai ya yi tari. Jama'a su ga ɗan takara da wannan gwangwanin a ƙofar gida, su ce me?"

"Su ce ga motar da ta gina gidan."

"Ta gina, mun gode. Asabar."

Mato ya koma gida da la'asar bai iya cin abinci ba. Matarsa Asama'u ta dube shi ta ce ƙarfe ne fa, ba uwarsa ba ce. Ya ce ya sani. Amma ya taɓa zuwa kasuwar ƙarfen nan neman kayan gyara, ya ga yadda ake yi. Mutum huɗu da gatari da wutar walda, kafin azahar mota ta koma tsibi-tsibi, ƙofa can, inji can, sauran a ɗora a sikeli. Duk lokacin da ya rufe ido sai ya ga gatarin yana sauka a kan bonet ɗin da ya wanke kusan kowace safiya ta rabin rayuwarsa.

Ranar Alhamis ya je wurin dattawan kasuwar goro ko wani zai karɓe ta ya yi aiki da ita. Kowa ya yabe ta, kowa ya tuna ranar da ta fitar da shi daga wata matsala, ba wanda ya ce a kawo. Yanzu manoma ne ke kawo goro har bakin titi.

Ranar Juma'a aka tashi da ruwa. Tun asuba yake zuba bai tsaya ba sai wajen ƙarfe sha ɗaya. Kwatocin Agege, waɗanda kowa ke juye shararsa a ciki yana zagin gwamnati, suka mayar wa kowa da kayansa. Mato yana zaune a cikin jif ɗin a ƙofar gidan Alhaji yana goge sitiyari, sai ga Baballe a kan okada, wato acaɓa, jiƙe sharkaf.

"Baba! Oya, tada gwangwanin nan! Motar oga ta faɗa ruwa a bayan layin dogo, kuma Ciyaman na ciki."

Ciyaman shi ne shugaban jam'iyya na mazaɓar, mutumin da in ya ce Khamisu ne ɗan takara, to shi ne.

Mato bai motsa da sauri ba. Ya murɗa makulli rabi ya dakata.

"Tada mana! Me kake jira?"

Injin dizal mai sanyi ba ya son gaggawa, sai hita ta ɗumama masa kai. Fitilar da ke nuna hita ta mutu shekaru da yawa da suka wuce, don haka Mato yana auna lokacin ne da Ƙulhuwallahu ƙafa uku, a tsanake. Ya karanta su bai rage harafi ba, Baballe yana buga ƙofa da tafin hannu. Sannan ya ƙarasa murɗawa. Injin ya yi tari sau ɗaya, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama da wannan gurnani nasa mai nauyi da ake ji a ƙirji kafin a ji a kunne.

Mato ya kama hanyar bayan layin dogo. Ya san wannan ce damarsa, kuma ba za a sake samun wata ba kafin gobe.

Layin da motar ta maƙale gangare ne, ba kwalta, ruwa ya kwanta a ƙasansa kamar tafki. Ruwan baƙi ne, ledoji da bawon lemo da mushen kaza suna yawo a kai, ga warin masai da ya fashe. Tokumbon tana tsakiya, tayarta ɗaya ta zurma cikin kwata, ruwa ya kai mata hannun ƙofa. Khamisu da Ciyaman sun hau kan kujeru sun naɗe ƙafafu, kawunansu a waje ta taga. Jama'a sun cika bakin shaguna suna kallo, wasu suna dariya a ɓoye, masu okada kuwa a fili suke yi.

Mato ya tsaya a bakin ruwan ya sauko. Ya durƙusa gaban tayar gaba ta dama, ya murɗa maɓallin da ke tsakiyar cibiyarta har ya ji ƙas, ya zagaya ya yi wa ta hagu haka. In ba a kulle waɗannan da hannu ba, ko ka ja gajerar giya har ta karye tayoyin gaba ba za su ja ba. Ya ɗauko sarƙa daga ƙarƙashin benci ya miƙa wa Baballe.

"Shiga ka ɗaura a ƙugiyar da ke ƙarƙashin bambar tokumbon."

"Ni? Cikin wannan kashin?"

"Ogan naka ne a ciki, ba nawa ba."

Baballe ya shiga yana zagi cikin Yarbanci. Sai da ya nutsa hannu har kafaɗa, kumatunsa yana taɓa ruwan, kafin ya laluba ƙugiyar. Mato ya ji wani ɗan daɗi da bai kamata ya ji ba a ranar Juma'a.

Ya hau ya juya motar, ya shiga ruwan da baya a hankali. Ruwa ya haura tayoyi, ya shiga ta ƙasan ƙofa ya wanke masa ƙafa. Wani mai shago ya ɗaga murya ya ce yanzu za a samu gawa biyu. Injin bai ko canza murya ba. Ba shi da fulogi ko kwayil da ruwa zai jiƙa ya kashe, iska kuma daga can sama kusa da bonet yake shaƙa. Da aka ɗaura sarƙar, Mato ya taka kuloci, ya ja gajerar giyar har ƙarshe, ya sa lamba ɗaya, ya ɗaga ƙafa a hankali. Ko totur bai taka sosai ba. Sarƙa ta miƙe tana zubar da ruwa. Jif ɗin ta ɗan durƙusa, tayoyinta huɗu suka kama ƙasan da ba a gani, ta fara tafiya kamar saniyar noma. Tokumbon ta yi ƙara, ta fito daga kwatar, ta biyo ta a baya har kan tudu, ruwa na kwarara daga ƙofofinta.

Layin ya kaure da tafi. Ciyaman ya fito yana matse gefen babbar rigarsa, ya zagaya jif ɗin sau biyu yana bubbuga ta.

"Kai! Honorabul, wannan abar a gidanka take kana shigo da ni ruwa da wancan kwanon?"

Khamisu ya yi yaƙe. "Ta tsoho ce, ranka ya daɗe."

A nan ne Mato ya yi kuskurensa. Shekara ashirin da biyu bai taɓa yabon motar a gaban kowa ba, don Alhaji ya hana, ya ce aiki ya yabi kansa. Amma yau yana tsaye a gaban mai iko, gobe kuma Asabar, sai bakinsa ya buɗe ya ƙi rufuwa. Ya nuna wa Ciyaman sufirin, ya nuna masa cibiyoyin taya, ya sa shi ya leƙa ƙarƙashi ya ga kaurin shasi. Ya ce babu lungun da ba za ta shiga ba a mazaɓar nan, daga bayan mayanka har ƙarshen kwata. Ya ce ta ɗauki mutum goma sha huɗu da huhun goro a sama ba ta yi nishi ba.

"Ƙarfinta duk a ƙasa yake, ranka ya daɗe," in ji shi. "Ba irin na yanzu ba ce da bodi ke riƙe da komai. Wannan ko bodin ka kwance gaba ɗaya ka ajiye gefe, za ta tashi ta yi tafiyarta."

"Da gaske?" in ji Ciyaman, ya dubi Baballe. Baballe, wanda ke tsaye yana wari, ya daina goge fuska ya saurara.

Da safiyar Asabar masu sayen ƙarfe suka zo da motar ja. Khamisu da kansa ya fito ya sallame su, ya ce ya fasa. Mato yana tsaye yana kallo har suka sha kwana. Ya shiga zaure ya yi sujada. Da ya fito sai ya tarar da Baballe da samarinsa biyar sun riga sun cika bencinan baya, ɗaya yana shan wiwi, ɗaya ya tofa majina a ƙasan motar ya murje da silifa.

"Baba, ka yi nasara," in ji Khamisu, ya hau gaba. "Tsohuwarka ta samu aiki. Mu je wurin Rasaki."

Rasaki mai walda ne a gefen layin dogo, Bayarabe haifaffen Agege da Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan. Mato ya ɗauka bambar za a gyara, don ta ɗan lanƙwashe jiya. Da suka isa sai ya ga manyan lasifika biyu a jingine da bango, da galan-galan na fenti kalar jam'iyya, da injin yankan ƙarfe an riga an jona shi da janareta.

"Pele, Baba Mato, sannu da zuwa," in ji Rasaki, bai yarda sun haɗa ido ba. "Wallahi ni aiki aka kawo mini."

"Wane aiki?"

Khamisu ne ya amsa. "Rufin za a cire daga bayan direba har ƙarshe. Ni da Ciyaman mu tsaya a ciki muna ɗaga wa jama'a hannu, yara su rataya a gefe. Duk lungun da abokan hamayya ba za su iya shiga ba a daminar nan, mu za mu shiga. Ai kai ka ce ko ba bodi za ta tafi."

Mato ya ɗaga kai. Ya dubi rufin. A kansa ya kwana sau ba adadi a dajin goro yana gadin kaya. A ƙarƙashinsa aka shimfiɗa Alhaji, tsakanin bencinan nan biyu, ranar da aka kai shi makwancinsa. Yanzu za a buɗe shi don mutum biyu da ba su taɓa share kwatar ƙofar gidansu ba su tsaya suna yi wa talakawa alkawarin titi, 'yan wiwi na rataye a gefe da gorori a hannu.

"Khamisu, ka ji tsoron Allah. A nan aka ɗauki gawar ubanka."

"To sai me? Gawar na ciki har yanzu?" Samarin suka fashe da dariya. Khamisu ya ɗaga musu hannu suka yi shiru, ya matso kusa ya rage murya. "Baba, ba na son wahala da kai, kai ka goye ni. Zaɓi biyu ne. Ko a cire rufin ka ci gaba da tuƙa abarka, don ba wanda ya iya tada ta sai kai. Ko in aika a dawo da mutanen Ikorodu, ba su yi nisa ba. Faɗi wanda kake so, shi za a yi."

Mato ya so ya ce a kira mutanen Ikorodu. Maganar ta zo har bakinsa. Mutumin kirki da haka zai ce, ya ajiye makulli a kan bonet ya tafi gida da mutuncinsa. Amma ya tuna gatarin nan da sikelin, sai ya yi shiru. Kowa a wurin ya san abin da shirun yake nufi.

"Oya, Rasaki," in ji Baballe. "Yanka."

Rasaki ya hau kan durom da alli a hannu. Ya ja layi a jikin ginshiƙin da ke bayan ƙofar direba, ƙasa-ƙasa, dab da inda gilashi ya fara, ya zagaya ya ja irinsa a ɗaya gefen. Ya sauko ya ɗauki injin yankan. Janareta ta ɗauki ƙara.

Mato ya juya baya don kada ya gani. Ya yi taku uku. Amma ya riga ya ga inda layin ya bi, kuma ya san abin da zai faru. Wannan ginshiƙin shi ke riƙe da makamar ƙofa. In aka datse shi a nan, ba tare da an fara ɗaure gefe da gefe ba, bodin zai buɗe kamar kwando. Kafin wata guda ƙofofi su daina rufuwa, gilashin gaba ya tsage a ramin farko. Ya ce wa kansa ba ruwansa, su lalata abinsu. Ya ƙara taku ɗaya. Ƙarar injin ta canza, alamar faifan yankan ya kusa taɓa ƙarfe.

"Tsaya!"

Rasaki ya ɗaga injin.

"Wane jahili ne ya koya maka aiki? Nan za ka yanka?" Mato ya dawo ya fizge allin daga aljihun rigar Rasaki. Ya hau durom ɗin, ya goge layin da gefen hannunsa. "Ginshiƙin nan ba a taɓa shi. Ka bar shi da bakansa na sama gaba ɗaya, ka yanka ta bayansa. Kuma kafin ka sa faifai, ka samo bututu mai kauri ka yi masa walda daga wannan gefe zuwa wancan, wani kuma a can baya saman ƙofa. Mai kauri na ce, ba irin na gadon yara ba."

"Ka gani?" in ji Khamisu, yana murmushi ga samarinsa. "Na ce muku Baba namu ne. Baballe, a samo masa hula da riga na jam'iyya, babba."

Mato ya juya ga motar. Ya danna allin a jikin fentin da ya saba wankewa, ya fara jan sabon layi, a miƙe, ba karkata ko kaɗan. Wannan ne kuma ya fi ba shi ƙyama. Da ya kai ƙarshe ya sauko ya tofar da yawu a ƙasa, ya tsaya kusa da Rasaki don ya tabbatar faifan bai kauce wa layin ba.